Tsagar da Rini Ya Tona

Ni ce mai rini a shagonmu, Yaya shi ne mai sassaƙa. Haka Baba ya raba mana aikin kafin ya rasu, kuma shekara ashirin da shida ba wanda ya shiga gonar wani. Yaya zai fitar da bakan harbi daga itace, ya kankare shi, ya goge da sanfefa har ya yi santsi, sai ya ajiye mini a kan bencina da ke bakin taga. Daga nan ba ruwansa. Ni ma ban taɓa ɗaukar magagarinsa ba, don na san halin kayana, da sai an jiyo mu daga bakin titi.

Mutane suna ɗauka rini ado ne kawai. To, ado ne, amma ba shi ke nan ba. Kafin in sa launin da mai baka ya zaɓa, ina fara shafa wani rini mai ruwa-ruwa da tsumma. Lafiyayyen itace yana shansa daidai ko'ina. Inda kuwa akwai tsaga, ko da siririyar gashi ce, rinin zai kwanta a ciki ya fito da layi mai duhu. Duk bakan da ya nuna layi a bayansa, zarto ne makomarsa. Baka ba kujera ba ne da za a ce a lallaɓa. In zai karye, yana karyewa ne lokacin da aka ja tsirkiya har kunci, ɓallin kuwa fuska yake nufa. Shi ya sa ba ma fara rina baƙi, domin baƙi yana haɗiye komai. Baba yana ce masa rinin maƙaryata.

Ran Laraba da hantsi Yaya ya ajiye mini bakan Malama. Malama ita ce ke koyar da harbi a filin da ke bayan makaranta, mace mai kirki, duk ɗalibanta wurinmu take turo su. Launin jan ƙasa ta ce tana so, kuma washegari za ta zo ɗauka.

Na dama garin rini da ruwan zafi a gwangwani, na tace, na tsoma tsumma. Shafa ɗaya, shafa biyu, sai na gan shi. Ga shi nan, taƙi ɗaya sama da mariƙi, layi mai tsawon ɗan yatsa. Na juya shi wajen haske, na goge, na sake dubawa, wai ko idona ne. Ina! Yana nan.

Wannan ne na uku a wata guda. Biyun farko Yaya ya ce itacen ne bai bushe ba, na yi shiru na yanka su. Amma ni ba yarinya ba ce. Ina ganin yadda yake kai aiki har bakin hancinsa, yadda yake laluben wuƙa alhali tana gabansa. Idonsa na hagu yanar ido ta riga ta rufe shi, na dama ma ya fara hazo. In ka ce masa asibiti, ka zage shi.

Na ce, "Yaya, zo ka gani."

Ya taso yana kakkaɓe ƙurar katako daga gabansa. "Mene ne kuma, Auta? Launin ne bai yi miki ba?"

"Akwai tsaga."

"Ina?"

Na miƙa masa. Ya kawo fuskarsa kusa, ya ɗora yatsa a wani wuri, ya ce, "Wannan? Ai jijiyar itace ce." Wallahi inda ya nuna da inda layin yake akwai tazarar yatsu huɗu. Tausayinsa ya kama ni. Da na tsaya a kan tausayin nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ni bakina ya fi zuciyata sauri, tun ina ƙarama ake faɗa.

Na ce, "Ba nan ba ne. Ko ganinsa ma ba ka yi."

Ya ajiye bakan a hankali. "Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Hannuna ya bi shi daga kai har ƙafa, babu komai."

"Hannu ba ya jin irin wannan, ka fi ni sani."

"To, rina shi baƙi."

Na dube shi, na ɗauka wasa yake. "Me ka ce?"

"Ki rina shi baƙi. In ta zo zan ce mata jan bai kama ba."

"Kai, Yaya! Kai ne yau da wannan magana? Malama fa za ta ja shi, a gaban ɗalibai. In ya fashe mata a ido me za ka ce da ita, jan bai kama ba?"

"Ba zai fashe ba. Ke dai tunda kika ga na fara tsufa kike neman hanyar da za ki zaunar da ni. Kowane baka sai kin ƙirƙiro masa layi."

Nan fa ya taɓo ni. Ni da na haƙura da wurin aiki biyu don kada in bar shi shi kaɗai a shagon nan, ni da farcena bai sake yin fari ba tun ina budurwa. Na ce masa abin da ya fito, ban tauna ba. Na ce idonsa ya mutu shi ne bai sani ba, na ce girman kai rawanin tsiya, na ce da Baba yana raye da shi da kansa zai karɓe wuƙar daga hannunsa. Mai walda na makwabta har ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Sai na ƙara da wadda ta fi duka. "In kana da gaskiya, ja shi mana! Ja shi har kunci mu gani."

Ya je ya ciro tsirkiya daga ƙusa, ya kafa ƙasan bakan a gefen ƙafarsa, ya lanƙwasa, ya ɗaura. Yana yi ina kallo. Zarto yana rataye kusa da hannuna, bakan kuma ina iya fizge shi, Yaya ba shi da ƙarfinsa na da. Ban motsa ba. Gaskiya ita ce so nake ya ji 'yar ƙara, ya tsorata, ya sassauta, ya ce Auta kin yi gaskiya. Wannan kalmar kaɗai nake jira.

Ya juya ya fuskanci bangon baya inda muke gwaji. Ya ja rabi, shiru. Ya waiwayo ya dube ni, har da ɗan murmushi. Sai ya ja har kunci.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Rabin sama ya dawo ya same shi a idon dama. Ya zauna a ƙasa cikin ɓawon katako, tafinsa a kan fuska, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka a gwiwar hannu. Bai yi ihu ba, ni ce na yi. Na rarumo tsumma zan danna masa, sai na ga na rini ne, na jefar, na cire ɗankwalina. Mai walda ne ya kai mu asibiti a motarsa.

Awa uku ina zaune a kan bencin baranda, hannuwana ja, ban san wanne ne rini wanne ne jini ba. Da likita ya fito ya tambayi wace ce 'yar'uwarsa, na miƙe. Ya ce na daman ya tafi, ba abin da za a iya yi. Na hagun za su gwada cire yanar nan gaba, amma kada in sa rai da yawa, an bar ta ta daɗe.

Da la'asar suka bar ni na shiga. An naɗe masa rabin kai da bandeji. Na zauna a gefen gado.

Ya ce, "Auta ce?"

"Ni ce, Yaya. Ka yafe mini. Ni na ce ka ja."

"Bar wannan. A ina ya karye?"

"Taƙi ɗaya sama da mariƙi."

"Inda kika ce."

"Nan ne."

Sannan ya laluba ya kamo hannuna, ya riƙe da ƙarfi.

"Watan da kika tafi jinyar mijinki, na gama guda uku. Ban jira ki ba. Na shafa na farko, ban iya ganin komai ba, sai na rina su baƙi duka na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

"Ɗaya direban nan mai gemu, kin san gidansa. Ɗaya ɗalibin Malama, ita za ta nuna miki shi. Ki je yau, kada ki bari sai gobe."

"Na ukun fa?"

"Wani mutum ne mai wucewa. Ya ce 'yarsa zai kai wa, ta fara koyo." Ya saki hannuna. "Ban tambayi sunansa ba, Auta. Ko fuskarsa ban gani sosai ba."