Kunnen da Merv Ya Bari a Buɗe

Mijin yayata, Merv Tolhurst, mutum ne da ba a ba shi shawara. Shekara arba'in yana harbin aladun daji a gonakin Coonamble, kuma in ya ɗora kunci a kotar bindiga ya sa ido a madubin hange, to aladen ya gama yawo. Wannan ban ja ba. Wayonsa ne yake ba ni haushi.

Lokacin da ƙungiyarmu ta harbi ta ce dole kowa ya kare kunnensa, an kawo mana wasu manyan marufan kunne masu kama da ƙoƙo biyu. Sau ɗaya Merv ya sa. Ƙoƙon dama ya tokare kota, kuncinsa ya ɗaga, madubi ya yi duhu, harsashi ya kama gabansa.

"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa riƙe bindiga ba," in ji shi. "Ku matso ku ga aikin masu hankali."

Ya murza ɗan soson toshe kunne guda ɗaya ya cusa a kunnen dama, wanda ke manne da bindiga. Na hagu ya bar shi a buɗe.

"Ɗayan fa?" na tambaye shi.

"Kai Des, kanka na aiki kuwa? Bindiga tana dama, me ya haɗa ta da hagu? Da shi nake jin shirmenku."

Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har yana koya wa sababbin shiga.

Wata Asabar yayata Glenys ta kira ni kicin, ta dangwarar mini da kofin shayi har ya fantsama.

"Zan tattara in koma Dubbo wurin 'yata. Na gaji, Des."

"Haba Yaya, bayan shekara talatin da takwas?"

"In ina masa magana a mota kamar da turken shinge nake yi. Wata uku da suka wuce, a hanyar gari, na faɗa masa maganar da ban faɗa wa kowa ba. Ka san me ya ce? Wai alkamar maƙwabta ta fi tamu tsawo."

Na yi juyin duniya ta gaya mini maganar, ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san Glenys ba ta barazanar banza.

Washegari Lahadi ƙungiya ta gayyato wata mai gwajin ji, Tegan, zuwa filin harbi. Glenys tana gefe tana gasa wa jama'a nama, ba ta ko kallon mijinta. Merv ne ya fara shiga layi, wai don ya nuna mana amfanin dabararsa. Tegan ta gama danne-dannenta ta dubi takarda.

"Baba, da hannun dama kake harbi, ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnenka na hagu. Ya daɗe da ajiye aiki."

Merv ya yi dariya. "'Yata, kin juya takardar. Bindiga a dama take."

Ta ɗauko tsintsiya ta ce ya saita ta kamar bindiga. Ya saita. Duk muka gani da idonmu: kansa ya karkata, kunnen dama ya lafe a bayan kafaɗa, na hagu kuwa ya juyo ɓaro-ɓaro yana fuskantar inda ƙarar ke fita.

"Ka ga? Wanda ke ɓoye ka toshe, ka miƙa wanda ke fili," in ji ta. "Soso a kunne biyu, sannan siririn marufi a kai, ba zai taɓa kota ba. Ka riƙe na daman da kyau, shi ya rage maka."

Da muka nufi mota ya buɗe ƙofar direba, wadda a motocinmu take dama, kamar kullum, Glenys ta tsaya tana kallon kujerarta ta hagu, inda ta zauna tun suna ango da amarya, daidai mataccen kunnensa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa masa hannu.

"Ba ni makulli."

Mutumin da ko ni bai taɓa bari na taɓa sitiyarinsa ba, sai ga shi ya miƙa. Ya zagaya ya zauna a hagu, kunnensa mai rai yana wajenta. Ni na shiga baya.

Mun wuce gadar rafi kafin ta yi magana.

"Merv, kana ji na?"

"Ina ji."

"Likita ya ga ƙari a nonona. Ranar Alhamis za a yi mini aiki a Dubbo."

Merv ya juyo gaba ɗaya yana kallon ta.

"Ni zan kai ki," ya ce da ƙyar.

"Za ka raka ni dai," in ji Glenys, idonta a kan hanya. "Ni zan tuƙa."

Bai yi musu ba.