Karan da Gagarau Ya Kai da Rai

Kafin kowa ya ɗaga ido, Gagarau ya gani. Wannan ba abin musu ba ne. Mutane suna ta yabon damina, masara ta kai ƙugu ta yi kore shar, shi kuwa ya tsuguna a gonarsa ya juya ganye ɗaya, ya ga wani ɗan tabo mai launin toka, bai kai ƙwayar wake ba, rawaya ta zagaye shi.

Ya san tabon nan. Da irinsa cuta ta yi sallama a shekarar da gonaki suka ƙone a tsaye, yunwa ta biyo baya ta share gidan ubansa. Duk waɗanda uwarsa ta haifa, shi kaɗai ya rage, kuma bai taɓa barin a manta ba.

"Tsoho, tabon nan a idonka yake," in ji maƙeri, abokin wasansa. "Je ka a wanke maka."

"Idon da ya ga ubanka ba wando? Bari ganyen ya bushe, ka ci guduma."

An buɗe sabon ɗakin gwaji a ofishin gona na cikin gari, inda ake duba cutar shuka. Bayan 'yan kwanaki, Gagarau ya tsinci ganyen da suka fi lalacewa, waɗanda suka bushe ƙayau, ya hau babur ya kai. Ɗaki ne ƙarami: dogon tebur, firiji yana gurnani, kwalabe a jere, da wani madubi mai ƙara girman abu. Likitar shuka ta murza ganyen, ya zube kamar toka.

"Baba, matacce ba ya ba da labari. In ganye ya mutu, kowace ƙwayar cuta sai ta zo ta zauna a kansa, ba a gane wadda ta kashe da wadda ta zo kallo. Mai rai nake so, da saiwarsa da ƙasarsa, wanda cutar ta fara ci ba ta gama ba. Ka naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu. Kada ya mutu a hanya."

"'Yar nan, ni za a koya wa ɗauko abu?"

Haka ya ce, amma ya ji, ya kuma riƙe.

Washegari ruwa ya cinye gada, babu babur, babu mota. Surukarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙo. "Baba, ka bari ruwa ya janye mana."

"Cutar ta ce miki za ta jira?"

Ya tono kara ɗaya da ƙasarsa, ya naɗe, ya ɗaura a baya da tsohon zane don hannuwansa su sami sanda. Ya ratsa ruwa har ƙirji. Sai da ya hau tudu, ganyen ya fara shafar wuyansa, sanyin buhun ya ratsa rigarsa, sannan ya gane abin da ya yi. Wannan hanyar ce. A kanta ya goyi ƙanwarsa Auta a waccan shekarar, da aka ce ana rabon abinci a gari.

"Yaya, mun kusa?"

Bai waiwaya ba. Gagarau ba ya tsoron murya. Ya dai amsa, da ƙarfi, har wata mai itace ta kauce masa: "Mun kusa."

Rana ta take. Ganyen da ke tsaye a saman kansa ya fara sunkuyowa, yana kwanciya a kafaɗarsa a hankali, kamar kan mai jin barci. Ya san wannan kwanciyar. Auta ma haka ta yi, ya ɗauka barci ne, ya yi ta ba ta labari har ƙofar gari. Yanzu duk kududdufin da ya gani sai ya durƙusa ya kamfaci ruwa ya zuba wa buhun. Gwiwoyinsa suna ƙara, numfashinsa yana fita kamar zugar maƙeri. Wani da ba shi ba, da nan zai zauna.

"Yaya."

"Kar ki yi barci," ya ce. "Ki yi ta magana."

Da ya isa, bai iya kwance zanen da kansa ba. Likitar ce ta kwance, ta shimfiɗa karan a tebur. Gagarau ya juya fuska ga bango. Ya ji ƙarar reza.

"Da ransa, Baba. Ga ruwa nan yana fita."

Sai a lokacin ya zauna, a ƙasa, ya ƙi kujera.

Ta yanki bakin tabon, daidai inda kore ya haɗu da toka, ta sa a madubi, ta kira shi ya leƙa. Ya ga waɗansu 'yan sanduna a kwance, sirara, birjik. Ta faɗi sunan cutar, dogon suna mai karya harshe. Ta ce a cire ganyen ƙasa a ƙone, a yi feshi a makon nan, gonarsa da ta maƙwabta za su tsira.

"Ita ce ta waccan shekarar?"

"Ban sani ba, Baba. Waccan ba wanda ya kawo ta da rai. Ba ta da suna."

Ya gyaɗa kai. Ya ninke zanen, wanda har yanzu da damshi, ya riƙe a ƙirji bai mayar baya ba.

An yi feshi, masara ta yi, har maƙeri ya cika rumbu yana cewa dama shi ma ya so ya lura. To, wanda ke ganin Gagarau cika baki yake yi, hanyar tana nan ba ta ƙaura ba. Ya ɗaura kara a baya ya bi ta da tsakar rana shi kaɗai. In an kira shi daga baya, a ga ko zai iya amsawa bai waiwaya ba.