Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Inno ta zo Kuala Lumpur ganin jikanta, ana jibi suna. Ahmadu, ɗanta na fari mai karatun digiri na uku, ya kulle fasfonta a akwati wai don kada ya ɓata. Wayon ɗan boko ke nan. Sharifa maƙwabciyarsu ce ta raka ta titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi, wayar Inno ma tana jakar Sharifa.

Da can 'yan sandan titin ɓarayin jaka suke fako, ba ruwansu da takardar kowa. Yanzu an haɗa su aiki da jami'an shige da fice, baƙo bai isa ya wuce ba a tare shi ba. Bizar Sharifa ta daɗe da mutuwa. Tana hango motarsu ta faɗa shagon mayafai, ta bar tsohuwa a bakin titi riƙe da leda.

Ɗan sandan da ya tare Inno ba mai zafi ba ne. Ya jawo wani ɗalibi Bahaushe, Kalilu, daga layin kamammu ya yi tafinta.

"Iya, ya ce ki faɗi sunan ɗanki ya duba a system. In ya gani, boleh, wato ba matsala, kin tafi."

"Yaron nan ne, mai karatu a jami'a."

"Duk karatu muke, Iya. Sunansa."

Inno ta sunkuyar da kai. Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ɗan fari ne. Yau kuma a gaban maza, tsakiyar kasuwa?

"Ka ce masa baban jaririn."

Kalilu ya fassara. 'Yan sanda suka kwashe da dariya, wai matar da ba ta san sunan ɗanta ba, ba ta da ɗan. Abin takaici, Sharifa na jin komai ta bayan mayafai, ga sunan a bakinta, ga lambar wayarsa a jakarta. Sai ta ɗaga wani mayafi tana duba launinsa.

Jami'in shige da fice ya ɗaure hannun Inno da na Kalilu, ya tura su mota. Ledar yadin ta faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Sai da aka rufe ƙofar ƙarfe motar ta tashi, Inno ta kama ragar taga ta ce, "Ahmadu." Ta sake faɗa da ƙarfi.

Kalilu bai ko ɗago kai ba. "Bar shi, Iya. Yanzu ba mai tambaya."