Lambar Kawu a Layin Waɗanda Suka Warke

A ofishin lafiya na shiyya Jan Biro ake kiranta, don ba takardar da ke wuce teburinta ba ta sha zane ba. Aikinta tattara alƙaluman ciwon hanta nau'in C: nawa aka gwada, nawa suka karɓi magani, nawa suka warke. Da rahoton asibitin bakin gada ya iso, ta karanta sau biyu, ta taɓe baki. Mutum arba'in da ɗaya sun karɓi magani, arba'in da ɗaya sun warke. Ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba!

Shugabanta kuwa har da tafi. "Sun gama nasu. Ranar Litinin a kwashe na'urar gwajin jini a kai wata gunduma."

"Yallaɓai, a ba ni yini ɗaya."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne lambar katin kawunta, tana nan a layin waɗanda suka warke. Kawu, wanda ko ƙwayar ciwon kai sai an yi da gaske yake haɗiyewa?

Ta same shi a shagon ɗinkinsa, ya rame, idanunsa sun yi rawaya.

"Kawu, ka shanye maganin?"

"Tuni, 'yar nan!" ya ce, yana tura aljihun keken da gwiwa.

Ta jawo aljihun. Kwalabe biyu ne kwance cikin zare da maɓallai, ko murfi ba a ɓalle ba.

A asibitin ta shiga da shirin kama maƙaryaci. Sai ta tarar da wata nas mai fara'a, wadda ta buɗe mata rajista ba ko ɗar.

"Ina sakamakon gwajin bayan magani?"

"Ai yawancinsu ba sa dawowa, ranki ya daɗe. Fom ɗin da kuka aiko gida biyu ne: ya warke, ko ciwo ya dawo. Wanda ya yi wata uku bai leƙo ba, mun san ya ji sauƙi, sai mu rubuta ya warke."

Jan Biro ta dubi fom ɗin. Ita ta tsara shi bara, har aka yaba mata. Kunya da tsoro suka rufe ta.

"Su nawa suka dawo?"

"Shida."

Ta kira shugabanta. "Kada a taɓa na'urar nan. Mutum talatin da biyar za mu nemo, na san inda na farko yake."