Ranar da Marsandin Zacchaeus ta Tashi

"Sauke shi a hankali! Kai, Success, kar ka goge min fenti!"

Elias ne ke wannan ihun, yana tsaye da gajeren wando, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar bidiyo. An ɗaura sarƙa a reshen mangwaron tsakar gida, injin Marsandin mahaifinsa na lilo a jikinta, baƙin mai na ɗiga a kan simintin da ƙanwarsa Dokas ta share da sassafe. Success, bakaniken da ya ɗauko tun daga Abuja, ƙaton mutum mai tumbi, yana sakin sarƙar yana taunar cingam.

Malam Maishanu ya tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa a hannu, ya ji kamar ya juya. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Zacchaeus, mahaifin Elias, a Mayo Gwoi, kuma shekara talatin babu hannun da ya taɓa cikin motar nan sai nasa, har ranar da ciwon gwiwa ya sa ya rufe garejinsa. Tsohuwar mota ce mai fulogi shida a jere. Zacchaeus ya tuƙa wani babban sakatare da ita a Yola zamanin Gongola, da aka yi gwanjonta ya saye ta ya taho da ita Jalingo. Bai taɓa wuce gudun kilomita tamanin da ita ba. Ranar Lahadi ta kai iyalinsa coci a Kona, ranar Juma'a ta sauke Maishanu a bakin masallaci.

Kwana takwas ke nan da Dokas ta buga wa yayanta waya ta ce jikin Baba ya yi tsanani. Ya zo kuwa, da Success da kwalaye huɗu na kayan inji.

"Baba Maishanu, zo ka ga aiki!" in ji Elias. "Mun aske kan injin, mun sa manyan kabireta biyu, salansa ma mun yanke mun sa bututu mai faɗi. Motan nan in ya hau hanyan Lau, ɗari da tamanin zai buga."

"Ka shiga ka ga tsohon yau?"

"Na leƙa. Yana barci."

"Ba barci yake ba. Tun asuba nake jin tarinsa ta katanga."

"Ai domin shi nake yi, Baba. Akwai taron masu tsofaffin motoci a Abuja wata mai zuwa. Sunansa zan rubuta a jikin ƙofa."

Maishanu ya tofar da yawu a gindin mangwaro, ya wuce.

Tun daga labule warin ya tare shi. Ciwon suga ya cinye ƙafar Zacchaeus ta hagu har ƙauri; a asibiti an ce sai an yanke, ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, da biyu zai koma, aka dawo da shi gida. Kullum Dokas ke wanke ciwon, ta tafi makarantar da take koyarwa, ta dawo ta sake wankewa. Gudummawar Elias ita ce turare mai tsada da yake tsayawa a bakin ƙofa ya fesa, shi ya sa ɗakin ke warin ruɓaɓɓen naman da aka yi wa kwalliya. Ƙudaje sun yi baƙi a kan bandejin. Maishanu ya kore su da hularsa, ya zauna.

"Injiniya," in ji mara lafiyan, da sunan da ya saba kiransa.

"Na'am, Direba."

"Me suna yi wa motan?"

"Wanke ta suke yi."

"Ƙarya ba ya maka kyau. Na ji zarto jiya." Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. "Na hana a yanke nawa ƙafa, sai suka je suka yanke nasa."

Maishanu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ɗebi kunu ya kai masa baki. Cokali biyu ya sha, na ukun ya gangaro a gemunsa.

"Kana gani, ba ka hana su ba?"

"Ɗanka ne, Direba."

"Ɗana ne," in ji Zacchaeus, ya juya fuska bango.

Bayan la'asar Dokas ta leƙo ta kan katanga. Idanunta sun faɗa, alli bai ma fita daga hannunta ba.

"Baba, bandeji ya ƙare, da ruwan wanke ciwo. Tun jiya na ce wa Yaya ya je kemis, ya ce hannunsa da mai. Don Allah ka zauna da shi, yanzu zan dawo. Kar ka bar shi shi kaɗai fa. In ya zame daga filo yana shaƙewa, sai an ɗaga shi."

"Je ki, 'yata. Ina nan."

Ya tarar jikin ya fi na safe nauyi. Numfashin na fita da wani ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Zacchaeus ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Zauna, Injiniya. Yau jikina wani iri."

"Ina zan je? Ga ni."

A waje an gama ɗaure injin, an fara gwada tayarwa. Gir-gir-gir, sai tas! kamar an harba bindigar toka. Tsohon ya zabura a kan gado. Aka sake murzawa, ta sake tas! Success na cewa man Jalingo ne ba kyau, duk ruwa ne. Elias na cewa a ƙara totur.

Maishanu ya rufe ido. Ba sai ya gani ba. Kunnensa ya gaya masa. Sun harɗe wayoyin fulogi ne, wuta na zuwa wa silindar da ba lokacinta ba. Ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Abin da ɗan koyo ke haddacewa kafin a ba shi sifana. Wannan ƙaton da aka ɗauko daga Abuja a mota mai sanyi bai sani ba. In suka ci gaba haka, wuta za ta kama kabireta.

Tas! Zacchaeus ya sake zabura, ya yi nishi.

"Bari in je in hana su ƙarar nan," in ji Maishanu. "Minti biyu."

Yatsun ba su sake shi ba. Sai da ya zare hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya gyara masa filo.

"Injiniya..."

"Yanzun nan zan dawo."

Da niyyar zagi ya fito, kuma ya yi zagin. "Matsa can! Wa ya koya maka aiki, mai sayar da rake?" Ya ture Success da kafaɗa ya sunkuya cikin bonet. Shekara biyar rabonsa da warin fetur a kusa haka. Ya zare wayoyin, ya mayar da kowace gidanta. Da ya gama sai ya ga taimin ma, wato saitin lokacin ba da wuta, a karkace yake. Barinsa haka zunubi ne. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba, wani ya sa masa sifana.

"Murza!"

Motar ta tashi.

Ba muryar da ya sani ba ce. Marsandin da a da sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki, yanzu ruri take kamar tirelar da ke hawan tudu. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji suka watse, matan maƙwabta suka fito ƙofa. Abin ƙyama ne, Maishanu ya san abin ƙyama ne. Amma kabireta biyun ba su jitu ba, ɗaya na riga ɗaya jan iska, kuma wannan aikin kunne ne, duk Jalingo babu mai kunnensa. Ya karɓi sukuddireba. Ya juya nan kaɗan, ya saurara, ya juya can kaɗan. Sannu a hankali rurin ya daidaita, ya zama murya ɗaya mai kauri. Ya kama wayar totur da yatsa ya ja, injin ya amsa masa nan take, da wani ƙarfin da bai taɓa sanin yana ɓoye a cikinsa ba. Ya sake ja. Gwiwarsa ta daina ciwo. Ya ji bakinsa a buɗe, ashe dariya yake.

"Ku ga tsohon hannu!" Elias na ihu cikin wayarsa, yana kawo ta kusa da fuskar Maishanu. "Jama'a, wannan shi ne oga kwata-kwata! Baba, sake ja, sake ja!"

Ya sake ja. Da ya ɗago don ya share gumi ne ya ga inda bututun ya dosa. Hayaƙi shuɗi na fita dunƙule-dunƙule, yana shiga tagar ɗakin Zacchaeus. Inuwar mangwaro kuwa ta bar jikin motar, ta kai har bakin rijiya.

Sukuddireban ya faɗi daga hannunsa.

Ɗakin ya cika da hayaƙi. Zacchaeus ya zame daga kan filon, haɓarsa ta dafe a ƙirji, hannu ɗaya na reto a gefen gado, wajen kujerar da Maishanu ya tashi. Kunun safe ya dawo ta gefen bakinsa, ƙudaje har sun same shi.

"Direba. Direba!"

Ya ɗaga shi, ya jijjiga, ya kara kunne a ƙirjinsa. Ba abin da ya ji sai rurin motar da ke zuwa ta bango. Ya yi salati, ya kwantar da shi, ya miƙe masa wuya. Idanun a buɗe suke, suna kallon ƙofa. Ya sa yatsu biyu ya rufe su. Da ya ɗauke hannu sai ga tabon baƙin mai guda biyu, ɗaya a kan kowace fatar ido.

Ya fito bakin ƙofa. "Elias! Kashe motar nan."

"A'a Baba, ba a kashe shi yanzu, sai ya ɗau zafi."

"Mahaifinka ya rasu."

Elias ya sauke wayar. Ya tako har labule, ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, bayan hannunsa ya tafi hanci da kansa. Ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya juyo da ido jajir.

"Amma ya ji tashinsa, ko? Baba Maishanu, ya ji motan ya tashi kafin ya tafi, ko?"

Maishanu ya matso gabansa. Ya so ya kwaɗa wa yaron nan mari, ya ɗaga hannun ma, sai ya ga hannun, baƙi ƙirin har wuyansa. Ya mayar da shi. Ya koma ciki ya zauna a kujerar, ya rasa inda zai ajiye hannayen don kada su taɓa komai.

A haka Dokas ta same su, da ledar kemis a hannu. Ta dubi yayanta da ke durƙushe a waje yana kuka, ta shigo, ta dubi gadon. Ledar ta sulale ƙasa, bandeji ya gangara ƙarƙashin gado yana warwarewa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Yesu," a hankali, sau ɗaya. Sannan ta ga fatar idon mahaifinta. Ta juyo ta dubi hannayen Maishanu, ta daɗe tana dubansu.

Ya jira ta tambaye shi. Da ta tambaya, da ya ji sauƙi.

"Tashi, Baba," ta ce. "Ba ni wuri."

Ya tashi ya jingina da bango. A waje Success ya tuna ya kashe injin, unguwar ta yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa. Dokas ta tsoma bakin zanenta a kofin ruwa, ta sunkuya ta fara goge idon dama. Man bai bi ruwa ba, sai ma ya bazu zuwa gira. Ta sake jiƙa zanen, ta tallafi kan tsohon da ɗaya hannun, ta ci gaba da gogewa a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashe shi.