Injin da Ba Ya Hayaƙi

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba. Ni dai Sallau ne mai gyaran janareta, shekara ashirin da biyu a sana'ar. Daga ƙarar inji nake gane ciwonsa.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka, ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya riƙe lemarsa a kife. Matata Larai na gabana tana sauri, ko haki ba ta yi. Wannan ya fi ruwan ba ni mamaki, don shekara tara ke nan asma na damunta, ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta.

Muka shiga wani ofis. Bunsuru ne a kujera, da tabarau, yana buga hatimi da kofato.

Ya ce, "Kai ne makanikin? Zo ka duba mana injin unguwa."

Injin bai fi firji girma ba. Ba fistin, ba igiyar ja. Farfela ɗaya ce a ciki take juyawa, tana cin iskar gas da ake samu daga kashin shanu. Zafin da ya fito ma ba a barinsa ya tafi a banza, shi ke ɗumama iskar da ke shiga. Gidaje ɗari ke shan wuta a jikinsa.

Na kara kunne, sai ɗan fito siriri. Na zura yatsa a salansa, wato bututun hayaƙi, ya fito fes.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ai ba shi da lafiya. Inji ba ƙara, ba hayaƙi? Haba!"

"Da ido muka ce ka duba shi," in ji bunsurun.

Ina! Hannun makaniki ba ya zama. Na zaro sifana, na saki wannan noti, na ɗaure wancan, na tsiyaya masa baƙin mai yadda nake yi wa kowane inji. Ya yi tari, ya kama ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi daɗi na ji. Na ce, "Yauwa, yanzu ya tashi!"

Bunsurun ya cire tabarau. "A garin nan hayaƙi ba ya tafiya sama, sai an rubuta masa mai shi. Ƙirjin wa za mu sa?"

Na ce, "Nawa."

"Ba zaɓa ake yi ba. Wanda ya fi kusa, kuma ba ya ƙorafi, shi ake ba."

Hayaƙin ya sauko, ya bi ta tsakanin ƙafafuna a hankali kamar kyanwa, ya nufi wani benci inda Larai take zaune. Na juya in mayar da notocin, sai na tarar duk sun zama gyaɗa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ita kuwa ba ta gudu ba, gyale kawai ta ja ta rufe hanci.

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ai wuta muke so."

Ƙarar janareta ce ta tashe ni. Namu ne, wanda na ɗaure da sarƙa a gindin tagar ɗakin Larai saboda ɓarayi. Ta bango ina jin ta tana tari a cikin filo, don kada ta tashe ni.