Ƙugiya Ɗaya a Waƙar Malam Dabo

Abdulnasir mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa, musamman in labarin nasa ne. Malamin Hausa ne a wata sakandare a Birnin Kudu, amma a shafinsa na Fesbuk marubuci ne, kuma duk sati sai ya tuna wa duniya. Yau gajeren labarinsa ya fito, gobe an karɓi waƙarsa, jibi ga sharhin da ya yi wa littafin wani. Abokan aikinsa har sun laƙaba masa Sanarwa. Ya ji, ko a jikinsa.

Cikin sharhin nan nasa akwai guda da yake ci masa rai. Shekara huɗu da suka wuce Malam Dabo, wanda ya koyar da shi a firamare a Gwaram, ya tattara waƙoƙinsa na shekara talatin ya buga ɗan littafi. Wannan tsohon shi ya koya masa bambanta k da ƙ, da lallami, da bulala in ta kama. Sai maɗaba'a ta yi masa ɓarna, ta zubar da ƙugiyoyin haruffa barkatai. Abdulnasir kuwa a lokacin yana neman a ce ba ya jin nauyin kowa, ya zauna ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, arba'in da bakwai, ya watsa wa duniya. Ya rufe da cewa kada marubuci ya laɓe a bayan maɗaba'a, kowace ƙugiya tasa ce. An yi ta yaba masa. Malam Dabo kuma tun ranar bai sake ɗaukar wayarsa ba.

Kunya ta hana shi zuwa ban haƙuri da baki, don haka ya yi shi da alƙalami. Wata uku yana gyara waƙa ɗaya, ya sa mata suna Mai Kare Mu, yana nufin tsohon da ya tsaya tsakaninsu da jahilci. Wata mujallar adabi a Kano ta karɓa. Ranar da editan ya turo hoton shafin, Abdulnasir bai ga komai ba sai sunansa da manyan baƙi. Nan take ya ɗora, ya rubuta: "Alhamdulillahi, sabuwar waƙata ta fito. Tukwici ne ga Malam Dabo na Gwaram."

Da aka tashi tara Malam Hadi, mai koyar da lissafi, ya same shi a ofis riƙe da waya.

"Sanarwa, wai me bawan Allahn nan ya yi maka ne da ba za ka ƙyale shi ba?"

Abdulnasir ya karɓa ya buɗa hoton. Editan, da ya gaji da marubutan da ba sa sa ƙugiya, ya bi waƙar yana yi mata alherin ƙara ƙugiya. Taken waƙar ya koma Mai Ƙare Mu. Amshin kuma, har sau takwas, yana cewa Dabo shi ne mai ƙare su. Ya goge sanarwar da sauri, amma ina, tsofaffin ɗalibai sun riga sun yaɗa ta, wasu har da tambayar wane irin butulci ne wannan.

Ran Asabar ya shiga motar Gwaram da takardar da ya fara rubuta waƙar a kai da hannunsa. Ya tarar da Malam a zaure a kan tabarma, ya rame, idanunsa sun yi hazo. Juwairiyya, 'yarsa da take karanta masa duk abin da ya shigo waya, ta kawo ruwa ta ajiye ta koma bakin ƙofa, ba ta ko gaishe shi da kyau ba.

Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya shiga bayani har yana haɗa kalmomi. Ya miƙa takardar.

"Malam, wallahi kare na rubuta. Ga shi da hannuna. Edita ne ya ƙara."

Malam Dabo ya shafa takardar da yatsa, bai kai ta kusa da ido ba.

"Juwairiyya ta karanta mini. Na ce ta sake, ta sake. Ni na koya mata, ba ta kuskuren harafi." Ya juyo gare shi. "Da aka turo maka shafin, ka karanta kafin ka nuna wa jama'a?"

Abdulnasir ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Ban karanta ba, Malam."

"To. Ni dai na karanta nawa littafin kafin ya fita, idona ne ya riga ya fara tafiya. Ban faɗa maka ba don ba ka tambaya ba."

Wannan maganar ta fi masa bulalar dā zafi. Shekara huɗu da suka wuce ya yi taƙama da arba'in da bakwai ɗin nan, ashe makantar malaminsa ya ƙirga.

"Malam, a yafe mini. Za su buga gyara a fitowa ta gaba."

"Su buga," in ji tsohon. Ya ninke takardar ya tura masa a hankali. "Na yarda ba nufinka ba ne. Amma akwai wani marubuci a Birnin Kudu da ya ce kowace ƙugiya ta marubuci ce, kuma ni ban taɓa ƙaryata shi ba. Juwairiyya, raka baƙo."

A motar dawowa wayarsa ta yi ƙara. Editan ne, yana murna cewa waƙar ta fi komai farin jini a wannan fitowa, yana tambaya ko akwai wata.